Yadda Ake Riƙon Aikin Ƙungiya: Darasi Daga Rumbun Tsimin Gari

A ƙauyuka da yawa na ƙasar Hausa, in mutum ya bi ta bakin kasuwa ko ta bayan makaranta, zai tarar da wani ɗaki na siminti mai rufin kwano, da allo a jikinsa an rubuta sunan ƙungiyar da ta gina shi da shekarar da aka buɗe. Wani ɗakin cike yake da buhuna, ana awo a ƙofarsa. Wani kuwa ƙyauren ya ɓalle, awaki ke kwana a ciki. Sau da yawa kuɗin da aka kashe wa ɗakunan nan biyu ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne yadda aka riƙe aikin tun daga ranar da aka fara shawararsa.

Ƙungiyoyin da ake nufi a nan su ne waɗanda ba na Gwamnati ba, ba kuwa don neman riba aka kafa su ba, watau kamar ƙungiyoyin agaji na gida da na waje, da ƙungiyoyin raya gari, har da jam'iyyun gama kai na manoma, waɗanda aka yi wa doka a Nijeriya tun 1935. In ɗan kasuwa ya yi kuskure, aljihunsa ne zai gaya masa kafin mako ya zagayo. Amma kuɗin ƙungiya amana ne. Wanda ya bayar yana nesa, wanda za a yi wa aikin kuwa ba daga aljihunsa ya fita ba, saboda haka ɓarna takan daɗe ba wanda ya ji zafinta. Dalili ke nan da ya sa aikin ƙungiya yake bukatar tsari fiye da kowane aiki.

Za a ɗauki aiki guda a bi shi daki-daki, watau rumbun tsimin gari, wanda ake kira bankin hatsi. Abin da aka faɗa a kansa ya shafi rijiya da injin niƙa da kantin taki da sauran ayyuka irinsu.

Asalin Bankin Hatsi

Bayan babban farin da aka yi a 1973 da 1974, ƙungiyoyin agaji suka soma kafa bankunan hatsi a ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, sa'an nan abin ya bazu zuwa Nijar da Mali da Cadi, ya ƙara yawa bayan yunwar 1984. Dabarar mai sauƙi ce. A gina wa gari sito, a ba shi jarin hatsi ko na kuɗi, a zaɓi kwamiti. Kwamitin ya sayi hatsi da kaka yana da araha, ya ajiye, ya sayar wa mutanen gari da damina sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa, kuɗin da aka samu kuma a sake sayen wani da kaka ta gaba.

Ko wa ya ji wannan zai ce madalla. Amma da aka koma aka duba a cikin shekarun 1990, sai aka tarar mafi yawan bankunan sun mutu bayan 'yan shekaru da tafiyar waɗanda suka kafa su. Dalilan kuwa kusan iri ɗaya ne ko'ina: an ba da hatsi bashi ba a biya ba, an sayar ƙasa da abin da aka kashe, kuɗi ya salwanta a hannun masu riƙo, ƙwari sun ci rabonsu, mutanen gari kuma suna ganin kayan baƙo ne. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ba a iya hangowa tun kafin a aza tubalin farko. Tun ran gini ran zane.

Mataki Na Farko: A San Bukata

Kafin a yi zancen kuɗi, wajibi ne a tabbata abin da za a yi shi ne abin da ke damun mutane. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Taro guda a ƙofar mai gari bai isa ba, domin a wurin manya ne kaɗai za su yi magana, su kuwa galibi rumbunansu sukan kai su kaka. A zauna da mata daban, tun da su ne suka san ranar da awo ya ƙare a gida. A zauna da ƙananan manoma waɗanda ke barin gonakinsu da damina su tafi ƙodago a gonar wani don su sami abin kai wa bakin salati. A tambayi 'yan kasuwar gari kuma. In kasuwar hatsi tana ci kusa, hanya kuwa ba ta yankewa da damina, to, watakila abin da ya yi wa mutane ƙaranci kuɗi ne, hatsi kuwa yana nan jibge. Garin da yake haka asusu ya fi masa amfani bisa ga sito. Inda bankin hatsi ya fi cin sunansa shi ne ƙauyen da ke nesa da kasuwa, wanda ruwa yakan raba shi da mota a watan Agusta.

In an gama jin ta bakin kowa, sai a rubuta manufar aikin a taƙaice, da lamba a ciki. Cewa za a kori yunwa daga gari magana ce mai daɗin ji, amma ba wanda zai iya aunata. Ga misalin lissafin da ke buɗe wa kwamiti ido. A ce gari yana da gida 200, an kuwa yi alkawarin buhu 100 na gero. Buhu mai kilo 100 yakan ci tiya wajen 40, watau duka tiya 4,000 ke nan. In aka raba daidai, kowane gida tiya 20 zai samu. Gidan da ke cin tiya 2 kullum, kwana 10 kurum za ta kai shi. Ashe tsibin buhunan da ke cika ido a ranar buki, abincin kwana 10 ne. Da an san haka, sai a rubuta manufa ta gaskiya: cewa daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Agusta kowane gida zai iya sayen tiya kaza a mako a cikin gari, kuma jarin zai komo cikakke da kaka. Wannan ana iya dubawa a ce an yi ko ba a yi ba.

Mataki Na Biyu: Jadawali

Aikin ofis yana bin kalanda, aikin gona kuwa yana bin sama. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tsara aikin ƙauye bisa ga shekarar kuɗi ta masu ba da taimako. Hanyar da ta fi ita ce a kafa ranar da ba ta ɗaguwa, sa'an nan a yi ta lissafi da baya-baya.

Ga bankin hatsi, ranar nan ita ce lokacin saye. Ana girbin gero wajen Satumba da Oktoba, dawa kuwa wajen Nuwamba da Disamba, a nan ne farashi yakan faɗi. To, in za a yi saye a Nuwamba, lalle sito ya zama an gama shi ya bushe sarai kafin ƙarshen Oktoba. Ba a gini da damina, domin kowa yana gona, ƙasa kuma ba ta bushewa. Ke nan ginin na ranin da ya gabata ne. Da rani kuwa samari da yawa suna cin rani a birane, saboda haka gayyar ɗibar yashi da dutse a yi ta da wuri kafin su watse. In haka ne, kuɗin siminti da kwano ya kamata su iso tun wajen Janairu, takardar neman taimako kuwa an aika da ita watanni kafin nan. Mai karatu ya ga yadda hatsin da za a auna a Agustan baɗi, shawararsa ta soma shekara biyu baya.

A rubuta kowane mataki a babbar takarda: abin da za a yi, wanda zai yi, da ranar gamawa. A manna ta inda kowa zai gani. Wurin da aka rubuta "kwamiti zai yi", a goge a sa sunan mutum guda, domin aikin da aka ɗora wa kowa ba mai yinsa.

Har wa yau a yi shawara tun da wuri a kan abin da za a yi in kuɗi ya makara. Kuɗin da aka yanka don buhu 100 a Nuwamba, in ya iso a Afrilu ba zai sayi 100 ba. Gara a rubuta cikin yarjejeniya cewa in haka ta faru za a ajiye shi a banki sai kaka ta gaba, da a ruga kasuwa a sayi mai tsada don kawai a cika rahoto.

Mataki Na Uku: Kasafin Kuɗi

A nan ne ɗan kasuwa ya fi kowa amfani a cikin kwamiti, domin ya san kuɗin buhu bai tsaya ga abin da aka miƙa wa mai shi ba. Lambobin da ke biye misali ne kawai, kowane gari ya sa na kasuwarsa.

A ce an sayi buhu a kan Naira 30,000. Dako da kuɗin mota sun ci 1,000. Sabon buhu da gyaran sito sun ci 1,000. Ladan mai gadi da mai awo ya ci 1,000. Kowane buhu ya tsaya a kan 33,000 ke nan, buhu 100 kuwa 3,300,000. A cikin watanni takwas na ajiya, a ce bushewa da zuba da ɓera sun rage buhu 3, saura 97.

Damina ta yi, sai tausayi ya kama kwamiti, suka ce a sayar yadda aka saya, watau 30,000. Suka kuma ba da buhu 20 bashi sai kaka, aka biya rabi, rabi ya bi ruwa. Abin da ya shigo akwati kuɗin buhu 87 ne, watau 2,610,000. Da kaka, ko da farashi bai motsa ba, wannan kuɗi buhu 79 zai kawo sito. In aka maimaita haka, shekara ta biyu saura 62, ta uku saura 49. Cikin shekara 3 rabin jari ya tafi, alhali ba wanda ya saci ko tiya guda.

Da sun raba 3,300,000 gida 97, da sun ga ba su da halin sayar da buhu ƙasa da 34,000 da 'yan kai. In suka yanka 35,000, watau tiya a kan 875, suka kuma ce kuɗi hannu, za su sami 3,395,000, jari ya komo har da ɗan abin gyaran rufi. Mutanen gari ba su yi hasara ba, tun da sun sami awo a ƙofar gida, sun huta da kuɗin mota, ba su kuwa bar noma don zuwa kasuwa ba. Ƙungiya ba ta neman riba, gaskiya ne, amma in ba ta mai da abin da ta kashe ba, taimakon shekara 3 za ta yi, ta bar na baya da kango.

Akwai abu biyu da za a ƙara. Na ɗaya, darajar kuɗi takan faɗi, saboda haka jarin banki a riƙa ƙirga shi da buhu. In an fara da 100, tambayar kowace kaka ita ce ko 100 sun koma sito. Na biyu, ba kowace shekara hatsi ke tsada da damina ba. Wata shekarar farashi yakan tsaya cik, ko ma ya faɗi in yabanya ta yi kyau. Kwamiti ya sa ido, ya fitar da tsohon hatsi kafin sabo ya shigo kasuwa.

Wanda ba shi da ko sisi fa? Lalle akwai shi a kowane gari, ba kuwa za a bar shi ba. Amma a ware masa hanya daban, ko daga zakkar gari, ko daga buhunan da aka keɓe aka rubuta cewa na sadaka ne. Kada a gwama sadaka da jari a buhu ɗaya, domin sadaka ce za ta cinye jarin.

Mataki Na Huɗu: Makulli Da Littafi

Kada mutum ɗaya ya haɗa makullin sito da akwatin kuɗi da littafi, ko da kuwa shi ne ya fi kowa gaskiya a gari. Wannan tsari kariya ne gare shi, domin ranar da aka yi gunaguni zai sami shaidu. Shugaba ya jagoranci taro, ma'aji ya riƙe kuɗi, magatakarda ya riƙe littafi, mai awo ya tsaya a ƙofa. A zaɓi wasu mutum biyu waɗanda ba sa cikin kwamiti su riƙa ƙirga buhuna kowane wata. Mai gari da liman su zama iyayen aiki masu raba gardama, amma ya fi kyau kada su riƙe makulli, don mutane ba za su iya tambayarsu lissafi ba saboda kunya.

Mutanen Nijar sun ga amfanin wannan a tsarin jinginar amfanin gona, wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaɗa a ƙasar tun daga wajen 1999. Manoma sukan tara hatsi ko wake a sito da kaka, asusun ba da rance ya ba su kuɗin da bai kai cikakkiyar darajar kayan ba, su yi sana'ar rani, su biya, su karɓi kayansu sa'ad da ya yi daraja. Ƙofar siton kwaɗo biyu ake sa mata, makulli ɗaya a hannun ƙungiyar manoma, ɗaya a hannun masu rance. Ba mai iya buɗewa sai ɗaya yana tsaye. Kwaɗo na biyu ba shi da tsada, amma ya tsare dukiya mai yawa.

Aikin akawu kuwa littafi uku ne. Littafin sito, inda ake rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita da abin da ya rage. Littafin kuɗi, kowane layi da rasidinsa. Sai littafin taro, inda ake rubuta abin da aka yanke da waɗanda suka halarta. A rubuta da boko ko da ajami, duk wanda mutanen gari suka fi iya karantawa. A rubuta a ranar da abin ya faru, kada a bari sai an ji baƙi za su zo. Kuɗin da ya wuce na hidimar mako a kai shi banki, a asusun ƙungiya mai sa hannun mutum biyu ko uku. Kowane wata uku a karanta lissafi da ƙarfi a bainar jama'a, a buɗe sito kowa ya leƙa.

Shi kansa hatsin yana da nasa haƙƙi. Kada a karɓi wanda bai bushe ba. A zuba kaɗan a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri a girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran laima. A jera buhuna a kan katako, a bar rata tsakaninsu da bango, a share sito kafin sabon kaya ya shiga.

Mataki Na Biyar: A Auna Abin Da Ya Dace

Masu ba da taimako suna son rahoto, abin da ya fi sauƙin ƙirgawa kuwa shi ne abin da aka raba: ɗaki nawa aka gina, buhu nawa aka kai, mutum nawa suka zo taro. Amma waɗannan ba su nuna ko aikin ya yi amfani ba. Labarin itatuwan Maraɗi ya isa misali.

A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, yana aiki da ƙungiyar SIM a jihar Maraɗi. Aikinsa renon itatuwa da kai su ƙauyuka a dasa. In da yawan dashe ake aunawa, da an ce aiki yana tafiya. Amma da ya duba waɗanda suka rayu, sai ya ga mafi yawa rana da iska da awaki da gara sun gama da su. A 1983 ya lura cewa 'yan ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne daga kututturan manyan itatuwa, saiwoyinsu na nan da rai a ƙasa. Sai aka sake hanya. Maimakon dashe, manomi ya zaɓi rassa masu ƙarfi a kowane kututture na kalgo ko sabara ko gawo, ya datse sauran, ya kiyaye waɗanda ya bari. Wannan shi ne sassaben zamani.

Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa dabarar da rabon abinci a ƙauyuka wajen 100, aka kiyaye itatuwa kimanin 500,000. To, da rabon abinci ya ƙare, sai aka sare wajen kashi 2 cikin 3. Waɗanda suka yi don buhu sun daina da buhu ya daina zuwa. Amma waɗanda suka bar nasu suka ga itacen girki ya samu, da abincin dabbobi, iska kuma ta rage binne shuka. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, ba wanda ya biya su. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen gonarsa zai amfane shi, sai abin ya ƙara gudu. Bayan shekara 20 da wani abu, hotunan da aka ɗauka daga sama suka nuna dabarar ta kai kadada wajen miliyan 5 a kudancin Nijar, itatuwa kuwa kimanin miliyan 200.

Abin koyi a nan uku ne. A auna abin da ya rayu. In ma'auni ya nuna hanya ba ta ɓullewa, a sake ta tun da sauran lokaci, a kuma gaya wa masu ba da kuɗi gaskiya. Sa'an nan a sani, duk abin da mutane ke yi don ladan da ake ba su, ranar da lada ya tsaya shi ma zai tsaya. Ga bankin hatsi, ma'auni na gari shi ne buhu nawa suka koma sito da kaka ta uku, da gida nawa suka daina barin gonarsu da damina don neman awo.

Mataki Na Shida: Ranar Miƙa Aiki

Kowane aikin taimako yana da ranar ƙarewa, galibi shekara 2 zuwa 5. Motar da ke zuwa kowane wata za ta daina zuwa. Zanen aro ba ya rufe katara. Saboda haka tun ranar farko a tambaya: in baƙo ya tafi, wa zai sayi kwaɗo, wa zai gyara rufi, wa zai koya wa sabon magatakarda?

Ayyuka biyu sun amsa wannan tambaya da kyau. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi. Ba a kawo wa matan jari ba. An koya musu su haɗu kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yanka, su ranta wa junansu, su raba a ƙarshen zagaye. Bayan 'yan watanni mai koyarwa ya janye. Da yake kuɗin guminsu ne, ba mai wasa da biya, matan da suka ƙware kuma suka riƙa koya wa wasu ƙauyuka. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta.

Na biyu shi ne buhun ajiyar wake mai riɓi uku, wanda ake kira PICS, da Jami'ar Purdue ta Amurka ta soma yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. Leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje, in an ɗaure tam iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba da magani ba. Masu aikin suka bi ƙauyuka, ana ɗaure wake a gaban jama'a, bayan watanni a dawo a kwance a gaban jama'a. Gani ya kori ji. Sa'an nan suka sa masana'anta a Kano tana yin buhun, 'yan kasuwa suna sayarwa. Da kyauta aka yi ta rabawa, da ranar da aikin ya ƙare buhun ya ɓace.

Haka bankin hatsi. Mutanen gari su sa nasu tun daga tushe: fili, da yashi, da ƙarfin gayya, da tiya kaza daga kowane gida a cikin jarin farko. Wanda geronsa ke cikin sito ba ya yin shiru in ya ga ana fitar da buhu da dare. A yi wa ƙungiyar rajista, a rubuta dokokinta da wa'adin shugabanni, a rubuta filin da sunanta a gaban hukuma don kada magada su taso daga baya. A shekarar ƙarshe baƙi su koma gefe, kwamiti ya yi saye da sayarwa da lissafi shi kaɗai, in ya yi tuntuɓe a gyara masa tun suna kusa.

Abin Da Za A Tambayi Baƙo

Saboda haka in wata ƙungiya ta zo gari da alkawarin aiki, a karɓe ta da mutunci, a ba ta ruwa, sa'an nan dattawa su yi mata tambayoyin nan cikin ladabi:

1. Wa aka tambaya kafin a zaɓi wannan aiki?
2. Nawa aka ware, a wane wata kuma zai iso?
3. Mene ne rabon gari a ciki, na ƙarfi da na dukiya?
4. Wa zai riƙe makulli, wa zai riƙe littafi, wa zai duba su?
5. Da me za a gane aikin ya yi amfani?
6. Yaushe za a tafi, me kuma za a bari a hannun wa?

Ƙungiyar kirki za ta yi murna da waɗannan tambayoyi, domin ta san ta sami abokan aiki. Su ma 'yan gari masu shirin kafa tasu, su yi wa kansu tambayoyin kafin su karɓi kuɗin kowa. Manomi ya kawo sanin lokaci, ɗan kasuwa ya kawo sanin farashi, akawu ya kawo alƙalami, mata kuwa a ba su kujera a kwamiti tun da su ne masu awo. Garin da ke son sayen hatsi da kaka mai zuwa, yanzu ne lokacin kiran taron farko. Allah ya ba da damina mai albarka.